Kurakuran masu kwaikwayon tseren jiragen teku a Kogin Kaduna

Wata Asabar da la'asar ina bakin ruwa wajen filin shaƙatawa na Gamji a Kaduna, sai ga samari uku cikin kwale-kwale mai inji. Na baya ya murɗe totur har ƙurya, na gaba yana tsaye yana ɗaukar bidiyo, ba wanda ke sanye da rigar kariya. Da suka sauko na ji ɗayansu yana cewa tseren da ake yi a tekun Dubai da Amurka suke gwadawa. Ni ma ina son wasan nan ƙwarai, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Gudun kawai suka gani, ba su ga aikin da ke riƙe da shi ba.

Babban kuskuren yana wajen totur. A ajin ƙoli na tseren, wato Class 1, mutum biyu ne a jirgi: ɗaya na riƙe da sitiyari, ɗayan kuwa totur kaɗai ne aikinsa. Jirgin kan wuce kilomita 200 a awa, kuma duk sanda ya hau igiyar ruwa sai ya tashi sama, farfela ta fito fili. Idan mai totur bai sassauta nan take ba, injin zai yi ta juyi a iska fiye da ƙarfinsa, da ya faɗo ruwa kuma wani ƙarfe ya karye. Don haka hannunsa ba ya hutawa, yana ragewa yana ƙarawa har a gama. Kai ma haka za ka yi: rage wuta kafin ka hau tudun ruwa, ka ƙara bayan ka sauka.

Kuskure na biyu shi ne raina igiyar ruwan da wani jirgin ya bari a bayansa. Didier Pironi, Bafaranshen da ya tuƙa wa Ferrari mota a tseren motoci na Formula 1, ita ce ta yi ajalinsa a 1987 kusa da tsibirin Wight na Ingila. Jirginsa na tsere ya hau sawun wani jirgin dakon mai ya kife, shi da abokan tafiyarsa biyu suka rasu. In ka ga sawun wani jirgi, ka rage gudu, ka ratsa shi a karkace, kowa kuma ya zauna.

"Ai na iya iyo" ita ce maganar da na fi ji idan aka zo batun rigar kariya. Wanda kansa ya bugi katako ya suma ba ya iyo. Bayan rasuwar Stefano Casiraghi, mijin Gimbiya Caroline ta Monako, a 1990 yana kare kambunsa na duniya a buɗaɗɗen jirgi, manyan jiragen tsere sun koma rufaffen mazauni, da bel da tukunyar iskar shaƙa. Mu a nan riga ce kawai ake roƙonmu, amma na sha ganin an ninke ta an zauna a kai. A sa ta, a ɗaure maɗaurinta tamau, ta yaro kuma ta zama daidai jikinsa.

Akwai wata 'yar jar igiya da ke zuwa da injin. Ana maƙala ta a ƙafa ko a riga, yadda in matuƙi ya faɗa ruwa za ta fizge, injin ya mutu. Da yawa suna barinta tana lilo. Jirgin da ba matuƙi yakan yi ta zagaye, ya komo kan wanda ya faɗa da farfela tana juyi.

Kogin kansa ba teku ba ne. Da rani duwatsu ne kwance ƙarƙashin ruwa kaɗan, a Agusta da Satumba kuwa ruwan ja ne, yana ɗauke da kututture, ga komar masunta da kwale-kwalen masu yashi. Kafin ka tayar da inji ka gaida dattijon da ke gyaran koma a bakin gaɓa, ka ce, "Baba, ta ina hanya take yau?" Zai nuna maka. Lodi fiye da kima da tafiyar dare kuma a bar su gaba ɗaya. A watan Yunin 2023 mutum sama da 100 suka rasu a Patigi ta jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin duhu, a yankin da ruwan nan namu ke shiga Kogin Neja.