Yadda Ake Zaɓar Kamfanin da Zai Sabunta Manhajar Tafiyar da Kasuwanci

Kafin ɗan kasuwa a Garwa ko Marwa, a ƙasar Kamaru, ya sa hannu a yarjejeniya, ya tabbatar cewa manhajar tana bin sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA (ƙa'idar rubuta lissafin kuɗin kamfanoni da Kamaru ke bi), wanda ya fara aiki a 2018, kuma tana fitar da harajin TVA (harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, wato VAT) na kashi 19.25 cikin ɗari da kanta. Ya nemi a gwada ta da rasitansa na gaske, a katse intanet ana tsakiyar aiki, a ga ko cinikin ranar zai salwanta. Abin da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne kwashe tsofaffin bayanan bashi da na kayan sito zuwa sabuwar manhajar, don haka a rubuta wanda zai ɗauki nauyinsa. Ya kuma tambayi inda mai gyara yake zaune, domin jiran wanda zai taso daga Duwala yana tsayar da ciniki.