Iskar taya a tsofaffin baburan tirayal

Masu Bultaco Sherpa T, Montesa Cota 247 ko Yamaha TY175, a kula da wannan. Baburan tirayal, wato na hawan duwatsu, ba sa son iska da yawa: tayar baya psi (awon ƙarfin iska) 4 zuwa 5, ta gaba 6 zuwa 7. A nemi geji na ƙaramin awo, domin na mota ba ya karanta wannan daidai.

Matsalar ita ce tsofaffin nan da tiyub suke aiki. Iska na raguwa, taya sai ta riƙa zamewa a jikin rim duk sanda ka murɗa wuta ko ka taka birki, ta ja tiyub har bawul ya tsinke daga gindi. Wannan kuwa faci ba ya gyara shi. Rigakafinsa makullin rim, wato abin da ke damƙe gefen taya a jikin rim don kada ta zame, guda biyu a baya, ɗaya a gaba, a ɗaure su tamau.

Notin bawul kuma, kada ka matse shi jikin rim. Mayar da shi sama kusa da murfi. In ka ga bawul ya karkace, taya ta fara tafiya ke nan: sace iska, sassauta makullan, juya tayar har ya miƙe, sannan ka sake ɗaurewa.