Matakan da Za a Bi Idan An Yi wa Yaro Fyaɗe

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma sashe na 31 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi lalata da shi, ko da ya ce yaron ya amince ko ya zaci babba ne. Jihar Kaduna ta ƙara tsananta hukunci a 2020, inda ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe. Sai dai alƙali da hujja yake aiki, hujjar kuwa a kwanakin farko ake samunta ko a rasa ta.

Da zarar yaro ya buɗe baki, a saurare shi cikin natsuwa, ba tsawa, ba tambayar me ya kai shi can. Kada a yi masa wanka, kada a gasa wurin da ruwan zafi kamar yadda aka saba a gidaje da yawa, kada kuma a wanke tufafin da ke jikinsa. A naɗe su a takarda, domin leda tana tara danshi ta lalata shaida. Daga nan a garzaya asibiti kafin cikar awa 72, domin a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki. Cibiyoyin Salama a Kaduna da cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala a Kano an kafa su ne don irin wannan, kuma rahoton likitansu yana shiga kotu.

Bayan haka a kai ƙara ofishin 'yan sanda, a nemi sashen da ke kula da mata da yara, a kuma rubuta sunan jami'in da ya karɓi ƙarar. Idan an ga ana jan ƙafa, a tuntuɓi hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan shari'o'i shi ne sulhu. Dattawan unguwa za su zo da batun rufin asiri, musamman idan mai laifin ɗan uwa ne ko maƙwabci, wani lokaci har da kuɗin magani a hannu. A amsa musu cikin girmamawa cewa magana ta riga ta koma hannun hukuma, kuma kada a sa hannu a kowace takardar janye ƙara sai an shawarci lauya.