Daga Ɗan Wasa Zuwa Koci: Yadda Za Ka Fara Horar da Yaran Ƙauye

Duk wanda ya buga wa kwalejinsu ƙwallo ya dawo gida, kafin ya kwana biyu yara sun fara ce masa koci. Sunan ba ya wuyar samu, aikin ne ke cin lokaci. Stephen Keshi ya ɗaga kofin Afirka a 1994 yana kyaftin, amma sai da ya horar da Togo da Mali kafin ya sake ɗaga shi a 2013 yana kocin Najeriya.

Fara da manya. Ka gaida mai unguwa, ka nemi izinin hedimasta idan filin firamare za ku shiga, sannan ka bi iyayen yaran gida-gida. Sa atisaye bayan la'asar, a ranakun da ba Islamiyya, a tashi kafin kiran magariba. Da damina ka mayar da shi sau biyu a mako, don uban da ya rasa ɗansa ranar noman gero ba zai sake ba ka shi ba.

A share fili da kyau, musamman tsidau da ƙarangiya, tunda yawancin yaran ba takalmi. Toka ta isa jan layi. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 a ba su ƙwallo lamba 4, lamba 5 ta yi wa ƙafarsu nauyi. Kada a cika mata iska a wajen mai faci har ta zama dutse, ɗinkin ne zai fara buɗewa.

Inda tsofaffin 'yan wasa suka fi faɗuwa shi ne shiga cikin wasan. Ka karɓi ƙwallo, ka yanke yara uku, a yi maka tafi, kowa ya koma gida bai ƙaru da komai ba. Abin da ƙafarka ta iya, sai bakinka ya koyi faɗinsa: ina za a dasa ƙafar tsayuwa, da wane gefen ƙafa za a tura fasin, yaushe za a ɗaga kai. Nuna sau biyu, ka fita gefe. Raba su huɗu-huɗu a fili mai tsawon mita 30 da faɗin 20. Idan ka zuba sha ɗaya-sha ɗaya a babban fili, wani yaron zai yi rabin awa bai taɓa ƙwallo ba. A lokacin bazara ka tsayar da su shan ruwa duk bayan minti 15, jarka na ajiye a inuwar darbejiya.

Rubuta ainihin shekarun kowane yaro a littafi, kada a yi ƙaryar shekaru. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano, FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru.

Batun takarda kuwa, ka tuntuɓi hukumar ƙwallo ta jiharku a Kano ko Dutse kan kwas ɗin lasisin koci na CAF, wato hukumar ƙwallon Afirka, ka fara daga matakin ƙasa.