Ciyawar ƙasashen sanyi a tsakar gidan Damagaram: kurakuran da aka fi yi

A sabbin unguwannin Damagaram, da zarar mutum ya zagaye fili ya sa ƙofa, sai ransa ya biya da koriyar ciyawa irin wadda yake gani a YouTube. Ba laifi ba ne, ido na son kore. Sai dai galibin masu waɗannan bidiyoyi a Kanada suke, ko arewacin Amurka, ko Faransa, inda ciyawa ke kwana watanni cikin sanyi. Mu a nan Afrilu da Mayu ne ke kashe shuka. Wanda ya ɗauki shawararsu yadda take, kuɗinsa da ruwansa za su bi rairayi.

Babban kuskure tun daga iri yake farowa. Fakitin da ɗan'uwa ya aiko daga Turai, ko wanda aka saya don hoton jikinsa ya yi kyau, yawanci ray-grass ne, ko fétuque, ko Kentucky bluegrass. Waɗannan ciyayi sun fi jin daɗi a zafin digiri 15 zuwa 24, shi ya sa mutanen can ke shuka su a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, su kafu kafin ƙasa ta daskare. Abin da ke ruɗar mutane a nan shi ne ɗari. Ka watsa ray-grass a Disamba, cikin kwana goma ta fito tsaf, siririya, kore shar, baƙi na shigowa suna cewa masha Allah. A Maris bakin ganyen ya soma ja. Kafin damana ta faɗi ta koma kamar tsohuwar tabarma, sai maigida ya hau yaron da ke ban ruwa da faɗa. Yaron ya ce, "Alhaji, safe da yamma nake ba ta." Gaskiya ya faɗa. Ciyawar ce ba ta iya digiri 40.

Maganin yana bakin tafki da cikin lambunan Mirya, kusa da Damagaram: ciyawar kiri-kiri, wadda masu lambu ke cirewa suna tsaki. Ita zafi take so, tana jure taku, kuma ko ta bushe ƙurmus, da ta ji ruwa za ta farfaɗo daga saiwa. Ba sai an nemi iri ba. A yanko jijiyoyinta masu gaɓa, a dasa su layi-layi da tazarar taki ɗaya a watan Yuli, sama ta yi maka ban ruwan farko. Sharuɗɗanta biyu ne. Ba ta yi a inuwa, don haka kada a wahalar da kai a gindin bedi. Sannan tana da mamaya: in ba a yi mata iyaka da bulo an nutsa shi cikin ƙasa ba, za ka tsince ta cikin fulawowi da gindin lemo.

Wanda ya dasa kiri-kiri ma yakan faɗa wani ramin. A bidiyo an ce masa a zuba wa ciyawa taki a kaka don ta shiga sanyi da ƙarfi. Wannan na ciyawar can ne. Kiri-kiri tana rage tsiro da hunturu, ta ɗan kwaɗe, ta yi fari-fari da ƙura. Ba yunwa ba ce, hutu take yi. Zuba mata takin zamani na ure a lokacin ɓarna ce, a bazara da tsakar rana kuwa ƙona ta zai yi. A jira damana, a ba ta kaɗan, a bi da ruwa nan take. Takin dabbobi kuma sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, na awaki kuma da ƙwayar ciyayi yake zuwa.

Ruwa shi ne inda ya kamata a zauna a yi lissafi kafin a sayi ko da shebur. Littattafan ƙasashen sanyi suna cewa milimita 25 a mako, wato lita 25 a kowane murabba'in mita, ya isa. A Damagaram da bazara, murabba'in mita ɗaya na ciyawa na iya shan lita 5 zuwa 7 a rana guda. Fili mai murabba'in mita 50 ke nan ya kama wajen lita 300, wato bido 12 masu lita 25, kullum ta Allah. Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan famfonsa daga nesa ake turo shi, daga Gogo Machaya da Aroungouza da Ganaram, kuma kowa ya san yadda ƴan garuwa ke tsada idan zafi ya tsananta. Ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba. A ganina, shimfiɗa ciyawa a duk tsakar gida a irin wannan gari rashin tausayin aljihu ne, har da na maƙwabta. Mita uku a kan huɗu, inda yara za su zauna da maraice, ya wadatar. Sauran filin a zuba tsakuwa ko a daɓe.

Yadda ake ba da ruwan ma da gyara. Yayyafi da tiyo sau uku a rana yana jiƙa sama ne kawai, saiwa ta tsaya a nan, rana ɗaya aka ɗauke ruwa ta mutu. A ba ta sosai da asuba ko bayan la'asar, a bar kwana ɗaya ko biyu. In kana shakka, tura yatsa ko ƙusa doguwa cikin ƙasa: in danshi bai kai tsawon tafin hannu ba, bai shiga ba. Ruwan alwala da na wanke kayan miya duk suna da amfani a nan, ban da mai omo da yawa ko jabel.

Wajen yanka, shawarar can tana aiki a nan ma: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka guda, kuma da bazara a bar ta da ɗan tsawo ta yi wa ƙasa inuwa.

Su tulip da tuffa ba sai an ja magana ba. Tulip na buƙatar makonni 12 ko fiye cikin sanyin ƙasa da digiri 9 kafin ta yi fure, ɗarinmu kuwa bai kai nan ba. Bugenbil, lalle a matsayin shinge, zogale, lemon tsami da dabino sun san garin.

Itatuwa kuma, kuskuren ba a zaɓi kaɗai yake ba, har da wuri da lokaci. Ana dasa cediya ko durumi dab da katanga ko shadda, bayan wasu shekaru saiwa ta tsaga siminti. A ba babban icce aƙalla mita biyar daga gini. Ramin kuma a kwashe ɓaraguzan bulo da siminti da magina suka binne, a cika shi da ƙasa mai haɗe da ruɓaɓɓen taki. Lokacin dashe shi ne tsakiyar damana, daidai bikin dashen itace na 3 ga Agusta, ba watan Maris ba kamar yadda ake yi a Turai.

Ganyen da iskar hunturu ke kakkaɓowa, wanda ake sharewa kowace safiya a cinna masa wuta, a tara shi a gindin itatuwa, kaurin yatsu huɗu, yana riƙe danshi sosai. A dai janye shi kaɗan daga jikin iccen, a kuma nisanta shi da bango da ƙyauren katako, saboda gara.