Tallafin dashen itatuwa a Sakkwato: inda ƙungiyoyi ke yin tuntuɓe

Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Great Green Wall na yaƙi da hamada ya shafa, tana kuma cikin jihohin Arewa 19 na shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021. Kuɗi dai akwai. Sai dai ƙungiyoyi da yawa takardarsu ta neman tallafi ba ta wucewa, wasu kuma su samu, bayan shekara a je filin a tarar da allon sanarwa kaɗai a tsaye.

Babban kuskure shi ne kasafin da ke ƙarewa ranar dashe. Za ka ga an lissafa rumfa, kujeru, riguna masu tambari da lemon manyan baƙi, amma babu sisin ban ruwa. Wanda ya san Illela ko Gada a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san dashen da bai kai gwiwa ba ba zai jira damina ba. Wanda ya tsira daga rana kuwa, akuya na jiransa. Don haka kaso mafi tsoka ya tafi ga ruwan rani biyu na farko, da shinge, ko da na ƙaya ne, da ɗan alawus na mai kula da wurin. A rage yawan itatuwan in ya kama. Gara 500 masu rai da 5,000 na cikin rahoto.

Sai lokaci. A nan ruwa kan zauna ne a Yuli, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. In kuɗi suka makara, kada a yi dashe a Oktoba don a ce an yi. A rubuta wa masu tallafin a nemi ɗagewa, a reni iri a leda kafin damina ta zagayo.

Zaɓen iri ma ana yin kasassaɓa. Turare na saurin girma, amma mashayin ruwa ne, manomi ba ya son sa kusa da gero. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ga taki. Akwai bagaruwa, aduwa, magarya da dakwara mai ƙaro. Maƙwabtanmu na Maraɗi ma sun farfaɗo da gonakinsu ne da sassaben zamani: barin tohon kututture ya girma, ana yi masa aski. Wannan kusan kyauta ne, amma da wuya ka gan shi a takardar neman tallafi.

Fili fa? "Mai gari ya ce mu yi" ba hujja ba ce. A samo takarda mai sa hannun hakimi ko uban ƙasa da ƙaramar hukuma, a kuma tabbatar ba a shiga burtali ba, in ba haka ba shingen ba zai yi mako ba.

Sauran na ofis ne: rajistar ƙungiya, asusun banki da sunanta, ba na shugaba ba, da rasit na kowane naira. Duk wanda ya ce a ba shi na goro zai shigar da sunanku, a bar shi, a tafi ma'aikatar muhalli da ƙafa. A rahoton ƙarshe kuma a rubuta adadin itatuwan da suka ga damina ta biyu, da hotunansu masu kwanan wata.