Yadda ake ɗaukar hoton dattijo a Legas

Yawancin hotunan tsofaffi da ake gani a intanet ko na tausayi ne ko na biki. Amma dattijon da ke Agege, Idi-Araba ko Mile 12 mutum ne mai harka: yana sasanta rikicin 'yan kasuwa, yana karɓar kuɗin goro ta waya, jikoki na jiransa a gida. Hoto mai kyau a cikin wannan halin yake nuna shi.

Kafin a fito da kyamara, a yi sallama, a durƙusa a gaisa, a faɗi abin da za a yi da hoton. In a kasuwa ne, a bi ta hannun shugaban layin. Wasu dattawan ba sa son hoto saboda addini. In Baba ya ce a'a, an gama. Ga iyaye mata kuwa, ya fi sauƙi mace ta ɗauka, kuma a ba Hajiya lokaci ta gyara mayafi yadda take so.

Haske shi ne aikin. Ranar tsakar rana a Legas a tsakiyar ka take, sai hula ko rawani ya jefa inuwa a ido, fuska ta koma rami biyu. A ɗauka kafin ƙarfe 9 na safe, ko bayan la'asar, daga 4:30 zuwa 6, a kuma yi sauri, don duhu ba ya jinkiri a nan. A zaunar da shi a bakin ƙofa ko gefen rumfa, haske ya zo masa daga gefe. Irin wannan hasken ne ke fito da furfura, tattarar goshi da tsagar gado ba tare da ya tsananta su ba. In ɗaya kuncin ya yi duhu, yaro ya riƙe farin kwali kamar taku ɗaya daga fuskar. A guji tamfol shuɗi ko kore na kasuwa, yana rina fata, kuma gyaransa a kwamfuta wahala ce.

Babbar matsala ita ce farar babbar riga. Kyamara tana ganin fari da yawa sai ta rage haske da kanta, riga ta yi toka-toka, fuskar baƙin mutum ta nutse. Maganinsa a auna haske a kan kunci, ko a ƙara haske da +0.7 zuwa +1 a ma'aunin hasken kyamarar, ana duba kada aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari. A waya, a danna fuskar a allo, a ja alamar rana sama kaɗan. A kashe abin gyaran fata da ke zuwa da wayoyi irin su Tecno da Infinix. Yana goge shekaru saba'in daga fuskar mutum, ya bar ta kamar roba.

Mai babbar kyamara ya sa gilashin gaban kyamara (lens) mai milimita 50 ko 85, buɗewar ƙofar haske f/2.8 zuwa f/4, gudun ɗauka 1/200 na daƙiƙa saboda hannun tsoho kan yi rawa, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 400 a inuwa. A saita kaifin hoton a kan idon da ya fi kusa. Mai waya kada ya matsa kusa, hanci zai yi girma. Ya ja baya taku biyu ya yi amfani da 2x, wato jawo hoto kusa ninki biyu. In tabarau na ƙyalli, a ɗaga hannayen tabarau ɗin kaɗan daga kunne, gilashin ya sunkuya. Filasha kai tsaye kuwa a bar ta.

Kada a tsaya a kan dattijon. A zauna daidai idonsa ko ƙasa kaɗan. Ladabi ne, kuma yana ƙara masa kwarjini. Kada a ce ya yi murmushi. A tambaye shi, "Baba, a jirgin ƙasa kuka zo Ikko ko a mota?" a danna yana cikin labari. A ɗauki hannuwa daban: carbi a dama, waya a hagu, ko lalle a tafin Hajiya.

Damshin Legas ma sai an kula. In an fito da kyamara daga mota mai sanyi, gilashin zai yi raɓa. A bar ta a jaka minti goma kafin a buɗe.

Daga ƙarshe a wanke hoton, inci 8 da 10, a rubuta suna, unguwa da shekara a bayansa, a kai masa hannu da hannu kafin a sa shi a Facebook.